Tsakanin Kogi da Shinge

Shafi na 17

Na ga saƙonninku. Akwai wadda ta ce in ban saki shafin nan yau ba ta daina gaishe ni. Ki yi haƙuri 'yar'uwa, ba yanga ba ce. Duk lokacin da na zauna rubuta shi sai in kasa, in ajiye wayar in je in sha ruwa.

Ga waɗanda suka shigo yau: ni ce Hortensia, a gida Tencha ake ce min. Eufemia maƙwabciyata ce kuma aminiyata, ba ta da takardar zama a ƙasar nan. Ɗanta tilo Nicanor, da muke ce wa Nico, a nan Texas aka haife shi. Ranar Asabar wuta ta kama shi a rijiyar man da yake aiki, aka ɗauke shi a jirgi zuwa asibitin masu ƙuna a San Antonio. Matarsa Marisela tana can. Uwarsa tana nan Kwari, yankinmu na bakin kogin iyaka, domin a kan hanyar arewa akwai shingen jami'an iyaka, kuma tun tana da cikin Nico ba ta taɓa tunkarar shingen nan ba.

*

Muna fitowa daga coci ranar Lahadi na ja hannunta zuwa motata.

"Ina za mu, Comadre?"

"Gidan Yaya Baldemar."

Ta tsaya cak. "Yau yana da taro."

"Na sani. Tamal ɗin da za su ci a taron, alalar masarar nan, wa ya yini yana naɗe shi a ɓawon masara ranar Juma'a? Shiga mota don Allah."

Tun ranar da ni da Yaya muka riƙe Nico yana jariri a gaban Fada aka zuba masa ruwan baftisma, Comadre take ce min, shi kuma Compadre. A wurinmu wannan ba sunan wasa ba ne. In ka riƙe yaro a coci ka zama ubansa na biyu har ka koma ga Allah. Haka Mama ta koya mana, kuma in ban manta ba tare ta zaunar da mu da Yaya.

Abin da nake nema a wurinsa ba mai wuya ba ne. Takarar kwamishinan gunduma yake yi, hotonsa na kan kowane turken lantarki, har a jikin ƙofar motarsa. Kullum yana hanyar arewa, duk an san shi. In shi ya ɗauke ta, wataƙila hannu kawai za a ɗaga masa ya wuce, babu mai tambayar ta komai.

Tambayar ce abin tsoro. Guda ɗaya ce tak: "'Yar ƙasa ce ke?" In ta ce a'a, a sauke ta, kafin mako ya zagayo tana Reynosa a tsallaken kogi, garin da ta baro tana yarinya. In kuma ta ce e aka gano, wannan ta fi muni. Lauyar da Nico ya kai ta wurinta bara, ina zaune ta faɗa mata: "Duk abin da za ki yi, kada ki taɓa ce wa jami'i ke 'yar ƙasa ce. In aka kama ki da wannan ƙaryar an rufe miki ƙofa har abada. Ko gobe aka yi wa kowa afuwa, ban da ke."

Mun tarar an kafa rumfa a bayan gida, hayaƙin gasasshen nama ya cika layin. A jikin katanga ga ƙaton ƙyalle an rubuta A TSARE IYAKA, A TSARE GIDA. Yaya na tsaye da farar malafarsa yana zuba.

"Ni ba na ƙin kowa! Amma gida mai ƙofa, ta ƙofa ake shigarsa!"

Aka ɗauki tafi. Wani mai tumbi a layin gaba sai da ya ajiye tamal ɗin Eufemia a kan cinyarsa kafin ya samu hannun tafawa.

Da Yaya ya hango mu, murmushin ya bushe. Ya ce wa jama'a su ci gaba da ci, ya taho da sauri, ya zagaya da mu ta ƙofar baya zuwa kicin.

A kicin ɗin muka samu 'yarsa Yadira. Daga jami'a ta zo hutun ƙarshen mako, ta ƙi fita wurin taron wai tana ƙauracewa. Rigarta an rubuta A RUSHE KATANGA. Ita ma tamal ne a gabanta, ɓawon har uku.

Yaya ya tura ƙofa ya ce, "Comadre, na ji abin da ya faru. Wallahi ban yi barci ba. Na sa Fada ya ambaci sunansa a addu'a."

Eufemia ta ce, "Mun ji, Compadre. Allah ya saka."

Na ce, "Yaya, ba addu'a ta kawo mu ba. Marisela ta kira da safe. Likita ya ce duk mai son ganinsa ya zo yau."

"Ayya. Ayya."

"Ka ɗauki makullin motarka."

Ya dube ni, ya dubi taga inda baƙinsa suke. "Tencha, kin san me kike cewa kuwa?"

"Na sani. Ka kai uwa wurin ɗanta."

"Ki ce in ɗauki wadda ba ta da takarda in tsallakar da ita shinge. Wannan safarar mutane ake ce masa. Ɗauri ne. Ni da ranar Talata nake da muhawara a kan wannan maganar!"

"Nico ba zai kai Talata ba."

"Ke likita ce?"

Yadira ta buga tebur. "Kun ji ko? Kun ji shi da bakinsa! Baba, ba ka jin kunya? Irin manufofinku ne suka mai da Kwarin nan kurkuku."

"Ke rufe min baki. Me kika sani? Kin taɓa zuwa gonar Don Rutilio kin ga yadda ake yanka masa waya kullum shanunsa su hau titi? Kin taɓa ganin gawar da ake tsinta a dajin nan, wadda masu safara suka karɓe mata komai suka gudu suka bar ta da ƙishi? In ba a tsare iyaka ba, su ne ke cin riba."

"In an ba mutane takarda wa zai bi daji? Ku halatta waɗanda ke nan mana!"

"A halatta su yau, gobe ninkinsu su taso. An taɓa gwadawa ai. Su kuma waɗanda suka bi layi shekara da shekaru, wawaye ne?"

"Wane layi? Nuna min layin! Ga mace nan ta tsufa tana neman inda layin ya fara."

"Doka doka ce."

"Bauta ma ai doka ce a da."

"Karatun da nake biya ke nan?"

Jama'a, na tsaya ina kallon su. Uba da 'ya, jijiyar wuya duk a tashe, kowa daɗin muryarsa yake ji. Na sha jin wannan faɗan a gidan nan, duk Kirsimeti sai an yi shi, har na haddace wa kowa nasa baitin. Kuma kada ku ce babu gaskiya a bakinsu, kowannensu yana da 'yar tasa. Abin da ya tayar min da zuciya shi ne, matar da ake faɗan a kanta tana tsaye a jikin murhu, jaka a rungume, babu wanda ya ce mata zauna.

Na ce, "Kun gama?"

Yadira ta taso ta dafa kafaɗar Eufemia. "Doña, kada ki damu. Ni na riga na fara aiki. Tun safe na sa labarinki, kin ga yadda mutane ke yaɗa shi kuwa?"

Ta juyo mana da wayarta.

Hoton Eufemia ne na ranar auren Nico, fuskarta tar, tana dariya. A ƙasa an rubuta da manyan baƙaƙe: UWA MARAR TAKARDA, AN HANA TA GANIN ƊANTA.

Na juya na dubi mai hoton.

Eufemia ta daɗe tana kallon hoton. Sannan ta ce a hankali, "'Yar nan, da sunana kika sa?"

"Na farkon kawai."

"To na gode da kika ɓoye na biyun."

Yadira ta ɗan sosa kai. "Ai... ban ma san shi ba."

Matar da ta yi mata kitso tun tana firamare. Mtsww.

Na ce, "Wa kika tambaya?"

"Gwaggo, in ba a fito an yi magana ba, babu abin da zai canja. Shiru shi ne..."

"Na ce wa kika tambaya? Rai nata ko naki? Ke in an gama yaɗawa motar haya za ki hau ki koma makaranta, ki wuce shingen nan kina jin waƙa a kunne."

Ku zo ku ga fuskar Yaya. Sai ka ce wanda aka sauke wa buhun siminti daga ka. Har da sauke ajiyar zuciya.

"To kin gani, Tencha? Ko da ina da niyya, yanzu ta ɓaci. Duk Kwari an ga fuskarta. In sa ta a motata mai hotona? Ai da hannuna na kashe kaina."

"Da kana da niyyar?"

"Na ce ko da."

Nan ne abin ya kai ni maƙura. Shekara da shekaru ina riƙe masa wannan maganar saboda Mama ta ce in rufa wa ɗan'uwana asiri. Amma Mama ba ta ga wannan ranar ba.

Na ce, "Yaya, ta wace ƙofa ka shigo?"

"Tencha."

"A'a, ɗazu na ji kana wa'azin ƙofa. Ta wacce ka shigo?"

"Hortensia, ki kiyaye ni."

Yadira ta ce, "Gwaggo, me kike nufi? Ai kakanninmu suna nan tun kafin a ja iyakar. Haka yake faɗa a kowane taro."

"Kakannin wa? Ni kaɗai aka haifa a wannan tsallaken. Ubanki goyo aka yi shi. Mama ta ɗaure shi a bayanta da mayafi ta shiga kogin nan, ruwa har ƙirji, wata mata da ba ta taɓa gani ba ta riƙe mata hannu don kada ya ja ta. Har ya yi gemu yana ɓuya in ya ga koriyar motar jami'an iyaka. Afuwar da aka yi a shekarun tamanin, wadda ya gama zagi yanzu, ita ta ba shi takardar da yake taƙama da ita. Ni na raka shi ofishin, yana kuka da majina."

Daga waje ana jin kiɗa da dariya.

Na ɗauka yarinyar za ta fashe da kuka. Ko ta rungume uban, ko ta tambayi sunan matar da ta riƙe hannun kakarta. Sai na ga ta ɗaga waya ta saita ni.

"Gwaggo, don Allah sake faɗa daga farko. Ban ɗauka ba."

Na fizge wayar na jefa a cikin kwanon wanke-wanke. Ta ƙwalla ƙara, irin wadda ba ta yi ba da aka ce Nico ya ƙone.

Shi kuwa gogan, kuna zaton ya sunkuyar da kai? Malafarsa ya gyara.

"Wancan zamani daban," in ji shi. "Lokacin mutane aiki ke kawo su."

"Ita wasa ya kawo ta?"

"Ban ce ita ba. Comadre ta san ina girmama ta. Amma ba a yin doka don mutum ɗaya." Ya juya wurinta ya sassauta murya, irin muryar da yake yi wa tsofaffi a gidan gajiyayyu in ya je neman ƙuri'a. "Comadre, ki saurare ni. Ana gama muhawara ranar Talata zan tafi da kaina. Zan kira ki ta bidiyo daga gefen gadonsa, ki gan shi, ki yi masa magana. Kin ga babu wanda ya shiga haɗari."

Eufemia ta ce, "Ranar baftisma kai ka riƙe kansa, Compadre. Ita ta riƙe ƙafafu."

"Na sani."

"To shi ke nan. Tuna maka kawai na yi."

Wani ya ƙwanƙwasa taga daga waje yana nuna agogo. Yaya ya ɗaga masa hannu, ya nufi ƙofa. Har ya kama marfin sai ya waiwayo.

"Af. Tamal ɗin ya ƙare a waje. Akwai saura a tukunya?"

Na rantse muku da Allah haka ya ce.

Kuma abin da ya fi ci min rai, Eufemia ta ajiye jakarta. Ta buɗe tukunya, ta jawo faranti, ta fara jerawa. Hannun ya saba, ba ta ma san tana yi ba.

Na riƙe mata wuyan hannu. "Ajiye."

"Baƙi ne, Comadre."

"Su ci ƙyallen da ke katanga. Mu tafi."

Muka shiga mota muka kama hanya har muka kai mararrabar da ke shiga unguwarmu. Na kunna siginar dama. Ta ɗora hannu a kan sitiyari.

"Miƙe."

"Eufemia."

"Miƙe arewa. In ba za ki iya ba ki sauke ni a tasha. Ba zan riƙe ki ba, kema ɗauri ne a kanki."

"Dalla rufe min baki da zancen ɗauri, na tsufa da jin tsoron wannan. Ke nake ji. In sun tambaye ki me za ki ce?"

"Zan ce e."

"Kin manta abin da lauya ta ce?"

"Ban manta ba."

"Hotonki na yawo a waya. In ɗayansu ya gani fa? Duk zaman ɓuyan da kika yi, duk bukukuwan da aka tafi aka bar ki, jana'izar uwarki da ba ki je ba don kada ki kasa dawowa, ki zubar da su da kalma ɗaya?"

"Don wa na yi zaman?" ta ce. "Takardar nan da ma don in riƙa zuwa wurinsa nake neman ta. In ya tafi ban gan shi ba, su ba Compadre ya haɗa da tasa."

Na kashe siginar na miƙe.

Mun bar gari, gonakin lemo suka ƙare, sai ƙayoyi da waya hagu da dama. Can-can sai ka hango shuɗiyar ganga da tuta a kanta, ruwan da masu tausayi ke ajiye wa masu bin daji. Rana na dukan gilashi, na'urar sanyin motata kuwa ta daɗe da yin ritaya. Eufemia ta fito da hoda ta shafa, ta gyara gashinta, ta cire ɗankunnen coci ta sa a jaka. Ina jin ta tana maimaita kalmar nan ta "e" da Turanci a ƙasan maƙoshi, tana gwada ta da ƙarfi, tana gwada ta a hankali.

"Haka ya yi?"

"Kada ki ja ta. A taƙaice. Kuma ki dube shi a ido."

"In ya ƙara wata tambayar fa?"

"Ni zan amsa. Zan ce kunnenki ba ya ji sosai."

Ta yi 'yar dariya. "Ashe kema kin iya ƙarya."

"Jini ɗaya ne da ɗan takara."

Dariyar ba ta daɗe ba, domin allunan rage gudu sun fara. Sai kyamarori a kan turaku, sai jajayen robobin da ke matse hanya su mai da ita layi ɗaya. Duk ɗan Kwari ya san daga nan babu juyawa. Motar da ta juya a nan, ita ake fara bi.

Muka shiga layi. Babbar motar kankana a gabanmu, wata ƙarama a gabanta. A ƙarƙashin rumfar ga jami'i da kare suna zagaya motoci.

Wayata ta yi ƙara a kan cinyata.

Marisela ce. Saƙo ne.

Na karanta sau ɗaya. Na sake karantawa.

"Ya rasu yanzun nan. Kada ki gaya wa Mama a waya, don Allah ki je ki zauna da ita."

Na kife wayar.

"Wane ne?" in ji Eufemia, idonta na kan karen.

Ƙaramar motar ta wuce. Mai kankana ya matsa.

"Comadre, na ce wane ne? Marisela ce? Ki ce mata ta gaya masa mun kusa. Ki ce ta faɗa masa a kunne, yana ji."

In na faɗa mata yanzu, ihu za ta yi a gaban jami'ai, shi ke nan an gama. In na yi shiru, za ta ƙona rayuwarta don ta je wurin wanda ya riga ya tafi. Na duba madubi, motoci sun toshe bayanmu har inda ido ya ƙare.

Mai kankana ya tashi. Jami'in ya yafito mu.

Saurayi ne, ba zai wuce sa'an Nico ba, gumi na bin gefen fuskarsa. Na sauke gilashi.

"Barka da rana, Uwa. 'Yar ƙasa ce ke?"

"E," na ce.

Ya sunkuyo ya leƙa ɗaya kujerar. Ya ɗan daɗe yana kallon ta.

Eufemia ta dube shi a ido kamar yadda na koya mata, ta ce, "Ɗana yana jirana a asibiti."

"Allah ya ba shi lafiya, Uwa. Amma ba shi na tambaya ba. 'Yar ƙasa ce ke?"

Na damƙe gwiwarta da iya ƙarfina.

Ta ture hannuna, ta buɗe baki.